Daga Tsakar Gida: Katanga Ɗaya Mai Tsawo Ko Dakali Uku? Abin Da Gangaren Dindir Ya Koya Mini

  

A makon jiya wani ɗan'uwa mai sayar da turare a Jidda ya turo mini wani ɗan bidiyo ta WhatsApp. Gidan wani Bature ne a Amurka, an gina shi a gangaren tudu. Ta bayan ginin an yi dandamalin katako hawa uku, kowanne da matakalarsa. Na sama kujerun shan iska, na tsakiya wurin gasa nama, na ƙasa kuma yara ne ke ta guje-guje. A ƙarƙashin bidiyon ya rubuto: "Malam, filin da na gada a ƙauyenmu na gaɓar Dindir haka yake a karkace. Da na yi niyyar in ja katanga in cike shi da ƙasa ya daidaita, sai kuma na ga wannan. Wanne ka ga ya fi? Kuɗi na hannu, so nake a gama kafin damina."

Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna, ya jira wannan rubutu. Tambayarsa ta fama mini wani tsohon miki, domin shawarar da ya fara yankewa ita ce na taɓa yankewa, kuma saura ƙiris ta jawo mana abin da ba za mu taɓa mantawa da shi ba.

Bari in fara yi wa masu karatunmu na Kumasi da Agadas da Legas bayanin wurin, don su san inda muka dosa. Dindir kogi ne da ke tasowa daga tsaunukan Habasha, yamma da tafkin Tana, ya ratsa gabashin Sudan ya zuba a Nilul Azrak, wato Shuɗin Nilu, tsakanin Sinnar da Madani. Garin Dindir na bakinsa, cikin jihar Sinnar. Kogin ba ya gudu duk shekara. Da damina yana cika ya tumbatsa, da rani kuwa sai ya koma rairayi da 'yan tafkuna nan da can. Kakanninmu sun iso wannan yanki ta hanyoyi daban-daban. Wasu alhazan ƙasa ne da suka yada zango a hanyar Makka, zango ya zama gida. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a garin da ke ɗauke da sunansa har yau, kudu da Sinnar. Wasu kuma aikin auduga ne ya kawo su bayan an gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira. Da yake su da noman lambu sana'armu ce, sai muka raɓi bakin ruwa. Shi ya sa yawancin filayenmu na gado ba a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suke ba, suna kan wannan gangare da ke tsakanin tudu da kogi, wanda mutanen nan ke kira karab.

Ƙasar kuma baƙar laka ce. Wanda ya san firgin Dikwa ko Gamboru ya san irinta. Da rani tana darewa har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Ruwan farko na sauka sai ta sha ta kumbura, tsagogin su rufe, daga nan ruwa ba ya ƙara nutsewa sai dai ya kwanta ko ya nemi hanya. Ƙasa ce mai numfashi, tana tashi tana sauka duk shekara, kuma duk abin da ka ɗora mata sai ya yi rawar tare da ita.

To, a ranin 2020 ina Bur Sudan ina harkar riɗi, Allah ya buɗa mini, na ce bari in gyara wa Inna tsakar gida. Daga zaure zuwa katangar baya filin yana gangarawa sosai, idan aka yi ruwa sai ya zama kamar ƙorama, kwanuka da takalman yara duk su taru a ƙasa. Na kira wani usta, wato babban magini. Ya ce abu mai sauƙi ne: a ja katangar jan bulo mai tsawon mita 2 a can ƙasa, a kawo ƙasa a mota a cike, tsakar gida ta zama kamar faranti. Na ji daɗin maganar. Na tura kuɗi.

Inna ta sa aka kira ni a waya. Ta ce, "Kai, wannan katanga da ake ja, ina ruwan zai bi?"

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, usta ya san aikinsa."

Ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Ba ta ƙara cewa komai ba. Duk wanda ya san iyayenmu mata ya san abin da irin wannan shirun yake nufi.

Aiki ya yi kyau a hoto, wallahi. Har na riƙa nuna wa abokan kasuwa. Damina ta faɗi, kuma kun san daminar 2020 ba ta wasa ba ce, ita ce shekarar da ambaliya ta sa gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata 3 a watan Satumba, ruwa ya shiga Sinja da garuruwa da dama. Tun cikin Agusta ƙanena ya ce mini katangar ta fara yin ciki. Na ce a dafa mata itace. Wani dare ana tsuga ruwa, sai ta kife gaba ɗaya cikin gidan maƙwabcinmu na ƙasa, wani dattijo abokin mahaifinmu da muke kira Baffa. Laka da bulo suka danne awakinsa biyu, suka murƙushe rakubarsa, wato rumfar da jikokinsa ke kwana a ciki in ana zafi. Ruwan da aka fara tun magariba ne ya kore su ɗaki a daren.

Da na zo ba shi haƙuri, na durƙusa na ce zan biya awakin. Ya ce, "Ɗana, tashi. Akuya ba komai ba ce. Amma da yaran na ciki fa, me za ka biya?" Ban sami amsa ba, har yau kuma ban samu ba.

Mutane suka yi ta cewa ambaliya ce, ƙaddara ce. Ƙaddara kam gaskiya ce, amma kogi bai zo ko kusa da gidanmu ba. Ruwan samanmu ne, na rufin ɗakunanmu da na tsakar gidanmu, muka tare shi da katanga muka hana shi fita.

Wani ɗan yayarmu da ya karanta aikin injiniya a Jami'ar Jazira shi ya zaunar da ni ya yi mini lissafin a ƙasa da tsinke. Ya ce, "Kawu, katangar da ke tare ƙasa daban take da katangar da ke raba gida da gida. Wannan ana tura ta ne dare da rana." Abin da na fahimta shi ne, ƙarfin turin ba ya ƙaruwa daidai da tsawon katanga, ninkawa yake yi. In ka ninka tsawo sau biyu, turin ya ninka sau huɗu. In ka ninka sau uku, ya ninka sau tara. Ke nan katanga ɗaya mai mita 2 tana ɗauke da ninki huɗu na abin da mai mita 1 ke ɗauka. Ka ƙara da nauyin ruwa, wanda kowace lita kilo guda ce. Ka ƙara da kumburin laka in ta jiƙe. Duk wannan muka jibga wa bulo da 'yar siminti, ba ko rariya ɗaya.

Shi kansa ruwan rufi ba mu ɗauke shi bakin komai ba, amma ku yi lissafi. Rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa mai milimita 50 a dare guda, lita 5,000 ke nan, duro 25 na mai lita 200. Duk indararonmu a kan cikon nan suke zuba.

Saboda haka amsata ga ɗan'uwanmu na Jidda ita ce: dabarar Baturen ita ce daidai, kayan aikinsa ne ba namu ba. Dabarar ma ba tasa ba ce. Manoman Jabal Marra a Darfur, da mutanen Konso a Habasha, da na Sukur a tsaunukan Adamawa, da na Yaman, duk sun daɗe suna zama a kan gangare, kuma ba wanda ya ja katanga ɗaya doguwa. Ƙanana suke yi hawa-hawa, kowace ta riƙe 'yar ƙasar da za ta iya, ta bar ruwa ya wuce.

Katako kuwa, kallon kitse ake yi wa rogo. Wanda kuke gani a bidiyon an dafa shi da magani a masana'anta, an ɗora shi kan ginshiƙan kankare, kuma mai gidan yana shafe shi da mai lokaci-lokaci. Kawo irin katakon kasuwarmu ka kafa a Dindir, gara za ta yi maka godiya. Ranar Afrilu za ta lanƙwasa shi, garwashin murhu ko na jabana na iya tashinsa, ƙarƙashinsa kuma ya zama masaukin kunama da maciji. Ga tsada. In dai inuwa ake so, a kafa rakuba a kan dakalin ƙasa, da dirkokin ƙarfe ko na bagaruwa, wadda ake kira sunut a nan. Icenta na da ƙarfi, shi aka riƙa shimfiɗawa a ƙarƙashin layin dogo a Sudan. A shafe gindin dirkar da baƙin mai kafin a binne.

Ga yadda muka sake namu a ranin 2021, wannan karon Inna na zaune a kan angarib ɗinta, gadon igiyar nan, tana kallon kowa.

Abin farko awo ne, kuma ba ya bukatar wata na'ura. Tiyo mai haske da ake ganin ruwa a ciki, mai tsawo, a cika shi da ruwa a fitar da iska. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin sanda a can sama, wani ya riƙe ɗayan a ƙasa. Ruwan da ke bakin nan da na wancan kullum a layi ɗaya suke tsayawa, sai a auna daga kan ruwan zuwa ƙasa a kowane ɓangare, bambancin shi ne zurfin gangaren. Namu ya ba da mita 2 da santimita 10 a cikin tsawon mita 24. Ido ya yaudare mu duka, ni na ɗauka bai kai haka ba, ƙanena ya ɗauka ya fi. Muka raba uku, kowane hawa santimita 70, faɗin kowane dakali kamar mita 8. Ƙa'idar da ɗan yayata ya ba mu ita ce kada katanga ta wuce ƙugun babba, kuma tazarar da ke tsakanin katanga da ta samanta ta kai aƙalla ninki biyu na tsawon ta ƙasan, don kada ta sama ta jingina nauyinta a kan ta ƙasa. In gangaren ya yi tsananin da ba za a iya haka ba, to aikin ya wuce na usta, a nemo injiniya a zuba kankare da rodi.

Na biyu, ba mu sayi ƙasa ba. A kowane hawa an sassaƙe gefen tudu an zuba a gefen kwari, sai ya zamana rabin dakalin ƙasar asali ce, rabi ciko. Ɗaki kuwa ko rumbu ko tankin ruwa, kada a kuskura a ɗora a kan ciko. A kan ƙasar asali ake gini.

Harsashin katanga shi ne inda aka fi yi wa mai aikowa da kuɗi daga nesa ha'inci, don da an binne shi ke nan. A baƙar laka ana haƙa ne da rani, a yi ta tafiya har a wuce inda tsagogi suke, a tarar da ƙasa mai danshi wadda ba ta dare ba. A gidanmu sai da aka wuce mita guda. Ka ga ke nan abin da ke cikin ƙasa ya fi abin da ke waje, kuma nan kuɗin yake tafiya. Aka shimfiɗa yashi a ƙasan ramin, aka taso da gini mai kauri a gindi yana raguwa a sama, an ɗan kishingiɗar da shi ya jingina da tudu. Usta na biyu ya so ya miƙar da ita sak don ta fi kyau, muka ce a'a.

Yanzu ga amsar tambayar Inna, wato ina ruwan zai bi. A bayan kowace katanga ba a mayar da laka ba. An bar fili kamar kamu ɗaya an cika shi da fasassun bulo da tsakuwa da yashi mai gautsi. Dutse na da wuya a wannan yanki, sai an ɗauko daga wajen Jabal Moya, amma ɓaraguzan jan bulo suna nan jibge a kowace kamina, wato wurin gasa bulo, kusan kyauta. Yashi kuma ga shi a cikin kogin da rani. A gindin katangar, ɗan sama da ƙasa, aka jera gutsattsarin bututun roba duk bayan mita ɗaya da rabi, bakinsu na ciki a cikin tsakuwar, an rufe da 'yar raga saboda ɓera. Kowane dakali an karkatar da fuskarsa kaɗan, santimita 2 a kowace mita, ruwa ya guje wa ɗakuna ya nufi gefe guda. A wannan gefen aka yi magudana ta siminti tun daga sama har ƙasa, indararo duka suna zuba a cikinta, ta fita ta lungu ta faɗa kwarin da ke kai ruwan unguwa kogi.

Kafin a haƙa magudanar nan sai da muka je wurin Baffa tare da liman da mai unguwa, aka tsaya a wurin aka nuna inda ruwan zai fita, kowa ya amince. Wanda ke tudu shi ne mai laifi kullum in ruwa ya yi ɓarna, ko da gaskiyarsa. Gara a yi maganar da rani ana dariya.

Ciko kuma ba a zuba shi lokaci guda. Santimita 15, a yayyafa ruwa, a daɓe, a ƙara wani. Matan unguwa ne suka yi mana na hawan sama da madaɓai, irin yadda ake daɓen ɗakin amarya a da, aka dafa musu abinci, yini biyu ana raha. Sannan muka bar shi haka damina guda ta bi ta kansa. Nan ne na san ɗan'uwanmu na Jidda ba zai ji daɗina ba, shi da ke son a gama kafin damina. Katangu da magudana a gama su kafin ruwan Yuni, wannan dole ne. Amma shimfiɗar sama a jira. Ciko sai ya zauna, duk iya daɓen da aka yi masa. Bayan damina muka cike inda ya lotsa, muka shimfiɗa yashi, muka jera jan bulo a kai ba siminti. Falon siminti a kan baƙar laka tsagewa yake yi, in ya tsage kuma ruwa ya sami ƙofa. Bulo kuwa in wani wuri ya kumbura, yaro ma zai iya ɗaga guda goma ya gyara ya mayar.

Abin da ban taɓa tunani ba sai da aka zo yi, shi ne wa zai zauna a wane hawa. Mu maza da ke waje hoto muke gani, masu hawa da sauka sau hamsin a yini su ne mata. Ni na tsara a kai madafi can ƙasa saboda hayaƙi. Matar ƙanena ta ce, "Yaya, wa zai riƙa hawa da tukunyar tuwo matakala goma?" Aka dawo da shi hawan tsakiya, tare da randuna da turmi da wurin yin kisra. Hawan sama na Inna ne, ɗakinta da rakubarta da wurin alwalarta duk a shimfiɗe ɗaya, ba ta taka matakala sai ta ga dama, don gwiwoyinta sun gaji. Hawan ƙasa turken awaki da kaji da 'yan kunyoyin kuɓewa da rama.

Matakala biyar muka yi a kowane hawa, tsayin kowace santimita 14, faɗin wurin taka ƙafa santimita 30. Abin da ya fi muhimmanci su zama daidai wa daida. Ƙafa tana haddace matakala, in guda ta fi sauran da ɗan yatsa biyu, a nan tsohuwa za ta faɗi da asuba. A gefe ɗaya muka sa ƙarfen riƙewa. Kusa da magudana kuma aka bar 'yar hanya mai sulɓi ba matakala, saboda baro da buhunan dawa. A bakin hawan sama da na tsakiya an ɗora 'yar katanga iya gwiwa, ta tare mai rarrafe, da yamma kuma ta zama wurin zama. Santimita 70 ba wani tsawo ba ne a wurin babba, amma ya isa ya fasa kan yaro.

Sai maganar sutura, wadda bidiyon Amurka ba ruwansa da ita. Lokacin da na cike filin nan mita 2, ashe duk wanda ya tsaya a tsakar gidanmu yana hango matan gidan Baffa har wurin wankinsu. Wata shida suna cikin takura, kunya ta hana su faɗa. Sai bayan katangar ta faɗi Inna ta gaya mini. Don haka kafin a tsayar da tsawon kowane hawa, a sa dogon mutum ya tsaya a kai ya duba me yake gani, a kuma je gidan da ke sama da ku a duba me ake gani a naku. Wani wurin zana ɗaya ta isa ta raba gardama.

Masai kada a haƙa shi a bayan katangar da ke tare ƙasa, kada kuma a hawan sama. A kai shi gefe can ƙasa, nesa da rijiya da kogi, a ɗaure ramin da bulo domin laka na zubawa da damina. Darbejiya ma a nisanta ta da katanga. Saiwarta na tura gini, kuma tana shanye danshin laka a gefe ɗaya ƙasa ta lotsa.

Akwai filin da duk wannan dabara ba za ta cece shi ba, gara in faɗa. In filinka na kan gwiwar kogi ta waje, inda ruwa ke bugun gaɓa yana cin gindinta, abin da ake kira haddam, to kada ka zuba ko fam ɗaya. Ka tambayi tsofaffin unguwa inda gaɓar take suna yara, da inda ruwa ya tsaya a 1988 da 2020, ka sa hawanka na ƙasa ya zama sama da wannan alama. Na ji wasu na cewa tunda Habasha ta gama babbar madatsarta ambaliya ta ƙare. Madatsar nan a kan Nilul Azrak take, ruwan Dindir ba ya bi ta cikinta, yadda ya ga dama haka yake saukowa.

Ga mai aiko da kuɗi daga Jidda ko Alƙahira ko Kano, abin da na koya da tsada shi ne kada a tura kuɗin aiki dunƙule. Bankak ya sauƙaƙa turawa, to a tura kashi-kashi. Kuɗin haƙa daban, kuma kada a zuba komai a ramin sai an nuna maka shi a bidiyo da sanda a tsaye a ciki. Kuɗin gini daban, kuma kafin a rufe bayan katanga a kwara bokiti biyu na ruwa a cikin tsakuwar kana kallo, ka ga ya fito ta bututu. Siminti da bututu a saye su da wuri, tunda fam ɗin Sudan ba ya kwana da darajarsa, amma a ajiye simintin a kan katako nesa da danshi. Mai cewa an yi ko ba a yi ba kuma ya zama wanda ke kwana a gidan, ko da mace ce, ko da tsohuwa ce.

Wani zai ce yanzu lokacin wannan magana ne, mutane na fama da abin da za su ci? Ina ganin lokacinta ne, domin yanzu ake komawa ana tayar da abin da ya rushe, kuma kuɗin da ake turowa gumin shekaru ne, ba za a samu na yin aiki sau biyu ba. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Dindir a Yulin 2024, tsakiyar damina. Mutanenmu suka fita zuwa Gadarif da abin da ke jikinsu. Da ƙanena ya koma a farkon 2025, ya tarar ba ƙofa ba taga, ba ko randa. Dakalan uku suna nan. Katangar ƙasa ce kawai ta tsage a kusurwa ɗaya, inda ganye da leda suka toshe magudana ba mai sharewa, ruwa ya kwanta. Buhun siminti biyu ya gyara ta. Tun daga nan, duk watan Mayu akwai yaron da aikinsa ke nan, ya bi magudana da tsintsiya, ya zura sanda a kowane bututu.

Inna ta dawo bayan azumi. Aka shimfiɗa mata tabarma a hawan sama tunda angarib ɗin ma an tafi da shi. Ta leƙa ƙasa ta ce a kira mata Baffa su gaisa, ta aika masa da gahawa.

Jiya ɗan'uwanmu na Jidda ya sake rubuto mini. Ya sa ƙanensa ya sayo tiyo sun auna, gangaren nasu mita 1 da santimita 80 ne a cikin mita 20, hawa uku ke nan masu santimita 60. Ya ce mahaifiyarsa ta riga ta zaɓi na sama, matarsa da matar wansa kuma suna can suna ja-in-ja a kan inda madafi zai zauna. Na ce masa wannan kam ba ni da tiyon auna ta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba tambayar wata 'yar'uwa daga Sinja a kan ajiyar riɗi da dawa a gidan da danshi ke tasowa ta ƙasa. Masu tambaya su ci gaba da turowa.